Fim ɗin Sin da Babu Naushi

Bayan an gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya iso gonakin Kura da Bunkure, samari suka sami kuɗin tumatir na zuwa silima a Kano. A wurinsu fim ɗin Sin naushi ne kawai irin na Bruce Lee. Soyayya kuwa sai Indiya.

Ashe tun 1963 kamfanin Shaw na Hong Kong ya yi The Love Eterne, labarin auren dole wanda 'yar Bunkure za ta gane ba tafinta. Zhu Yingtai ta yi shigar maza ta tafi makaranta, ta kamu da son ɗalibi Liang Shanbo. Ubanta ya ba da ita ga ɗan masu kuɗi, baƙin ciki ya kashe Liang. Ranar kai amarya kabarinsa ya tsage, ta faɗa ciki. Suka fito malam-buɗe-littafi biyu.