Jijiyar Gwiwa: Daga Dutsen Ƙanƙara Zuwa Filin Unguwa

Idan kana bin hanyar Elig-Edzoa ko Briketeri da la'asar, ba ka rasa ganin samari suna buga ƙwallo a duk fegin da suka samu. To, a cikinsu akwai wanda wata rana zai juya da gudu, ya ji gwiwa ta ce "ɓas", ya zube. Tarihin wannan raunin muka ɗauko a shirinmu na wannan mako.

A tsakiyar gwiwa akwai wata jijiya mai ƙarfi da ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, don kada ƙwaurin ya zame gaba. Likitoci na kiranta ACL. Idan ta tsinke gaba ɗaya, ba kasafai take haɗe kanta ba. A da, wannan rauni shi ne ƙarshen wasan mutum. A 1917 wani likita a birnin Bristol na Ingila, Ernest Hey Groves, ya bayyana yadda ya yanko wani sashe daga cinyar majinyaci ya maye gurbin jijiyar. Daga shekarun 1980 aka koma yin aikin ta 'yar ƙofa, da ƙaramar kyamara, ba sai an buɗe gwiwa duka ba.

Ba wanda ya san wannan ciwo kamar masu tseren zamiya a kan dutsen ƙanƙara. Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma ka kwatanta mutum tsaye a kan dogayen faifai biyu, yana gangarowa da gudun fiye da kilomita 100 a sa'a. Faifan na karkacewa, gwiwa ce ke biya.

Ɗauki Lindsey Vonn ta Amurka. Ran 5 ga Fabrairun 2013 ta faɗi a gasar duniya a Schladming ta ƙasar Ostiriya, jijiyoyin gwiwarta ta dama suka tsinke, sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ta. Aka yi mata aiki. Gasar Olamfik ta Sochi na tafe a Fabrairun 2014, ita kuma tana son kare zinaren da ta ci a 2010. Ta koma atisaye, a Nuwamban 2013 ta sake faɗuwa, jijiyar da aka gyara ta sake taɓuwa. Duk da haka ta shiga tsere, a Disamba gwiwar ta sake ba ta kunya a Faransa. Ƙarshenta dai Sochi ta wuce ba da ita ba, aka sake yi mata wani aikin. Sauri ya haifi nawa ke nan. A karo na biyu ta zauna kusan shekara. Ta dawo a Disamban 2014 ta ci tsere a Kanada, kuma lokacin da ta ajiye wasa a 2019 tana da nasara 82 a gasar kofin duniya.

Yanzu mu dawo gida, domin jijiyar nan ɗaya ce a jikin mai zamiya da na ɗan ƙwallo. Ka tuna Vincent Aboubakar, wanda ya taso a Coton Sport ta Garwa? Shi ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta doke Masar da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Libreville, a 2017. A Satumban 2018, yana buga wa Porto ta Fotugal, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Bai sake shiga wasa ba sai a Mayun 2019, kuma kofin Afirka na wannan shekara a Masar ba a je da shi ba. Kakar da ta biyo ma da ƙyar ake sa shi. Mutane da yawa a majalisun shayi sun ce ai ya ƙare.

Sai a 2020, da ya koma Besiktas ta Turkiyya, ƙafar ta dawo daidai, suka ɗauki kofin ƙasar a 2021. Ran 9 ga Janairun 2022, a filin Olembe nan Yawunde, ya zura wa Burkina Faso biyu a wasan buɗe kofin Afirka, ya gama gasar da ƙwallo 8, ya fi kowa. A Disamban wannan shekarar ya sa kai ya ci Brazil a Katar. Ka lissafa: kusan shekara biyu tsakanin faɗuwarsa da dawowarsa sosai, alhali yana da likitocin babbar ƙungiya.

To ina ga ɗanka ko ƙanenka? A wajenmu, da yaro ya faɗi sai a ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori. Maɗora sun daɗe suna taimakon jama'a a kan karaya da gocewar ƙashi, ba mai raina su. Amma jijiya ba ƙashi ba ce, ja da murza ba sa haɗa ta. Ko hoton ƙashi na asibiti ba ya nuna ta, sai likita ya gwada gwiwar da hannu, ko a yi hoton MRI. Abin da ke ruɗin mutane shi ne bayan 'yan makonni kumburi kan sauka, yaro ya riƙa tafiya lafiya lau. Yana komawa fili gwiwar ta sake zamewa, ta ci guringuntsin da ke ciki.

Don haka idan ka ji ƙara, gwiwa ta kumbura nan take, ko tana sakin mutum in ya juya, a je asibiti. In an yi aiki, likitoci kan ce a ba ta wata tara ko fiye, ana motsa jiki kullum yadda aka tsara. Kada koci ko abokai su ja shi fili saboda gasar hutu. Gasa za ta dawo baɗi, gwiwa kuwa biyu kacal Allah Ya ba shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.