Zuwa Jin Akwati Gidan Aboki

Yau za mu waiwayi tarihin wani abu da kowa ya sani: zuwa gidan aboki don jin akwatinsa mai magana. Tsofaffinmu sun yi wannan ziyara shekara da shekaru. Bari mu ga mafarinta, da abin da ya rage mana daga cikinta.

Kafin zuwan akwati, wanda ke son jin kiɗi sai ya je inda makaɗi yake: wurin biki, ko fagen kokowa, ko ƙofar sarki. In makaɗi ya rasu, muryarsa ta tafi ke nan.

A shekarar 1877 wani mutumin Amurka mai suna Edison ya ƙera na'urar da ke kama murya ta maido ta. Bayan shekara 10 wani Bajamushe, Berliner, ya fito da mai amfani da faifai. Ita ce Hausawa suka kira garmaho. Ba ta cin wuta. Da hannu ake wana ta, a ɗora allura bisa faifai. Faifan yana juyi 78 cikin minti ɗaya, kuma gefe guda yakan ɗauki waƙar kamar minti 3. Garmaho na da tsada, sai attajirai da ma'aikata. Saboda haka duk wanda ya mallake ta, zaurensa ba ya rabuwa da baƙi.

Daga nan sai rediyo. Gidan rediyon BBC ya fara shiri da Hausa a 1957. An buɗe Rediyon Nijar a Yamai a 1958, na Kaduna kuma a 1962. A lokacin an riga an ƙera ƙaramar rediyo mai aiki da pil, wadda ba ta bukatar lantarki. Ita ce ta shiga ƙauye. Fatake da ƴan cin rani suka riƙa kawo ta daga Nijeriya da Gana.

Ga yadda ziyarar take. Bayan sallar lisha sai a shimfiɗa tabarmi. Mai rediyo ya fito da ita cikin rigar da aka ɗinka mata saboda ƙura. Ya ja eriya, ya murɗa a hankali har tasha ta fito. Kowa ya yi tsit. In an gama labarai sai gardama ta tashi. Wani ya ce: "Malam, taka ta fi ta wane kama nesa." Wani ya ce: "A'a, ta wane ta fi murya garau." Gobe kuma a ɗunguma gidan wane ɗin, a ji da kunne. In pil ya yi sanyi, a shanya shi a rana, ko a yi karo-karo a sayo sabo.

Hukuma ta lura da wannan zama. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob na rediyo ta Nijar. A garuruwa da yawa mutane kan taru gaban rediyo guda, tare da mai jagora, sau da yawa mushen lakwal. A saurari shiri kan noma, ko kiwo, ko lafiya, sa'an nan a tattauna. Mai jagora ya ɗauki maganar jama'a da na'ura, ya aika Yamai. Wata rana sai manomi ya ji muryar manomi ɗan'uwansa tana fitowa daga akwati. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1974, shekarar da Seyni Kunce ya karɓi mulki, aka sa wa rediyon ƙasa suna Muryar Sahel.

Sai kaset. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, amma bai bazu a ƙauyukanmu ba sai bayan 1970. Akwatinsa wasu na ce masa rakoda, wasu manyeto. Da shi mutum ke zaɓen abin da zai ji: Mamman Shata, ko Musa Ɗanƙwairo, ko Ɗan Gurmu, ko karatun malamai. Samari suka shiga gasa. Wane ya sayo mai lasifika biyu, wane ya sayo mai cin kaset biyu. Ana zuwa a ji, a yaba ko a kushe, a ari kaset a kwafa. In zare ya harɗe, a sa alƙalami a naɗe shi.

Kaset ya kuma zama wasiƙa. Ɗan cin rani da bai iya rubutu ba sai ya yi magana a ciki, ya ba mai zuwa gida. Iyali su tafi gidan mai rakoda, su ji gaisuwar ɗansu da bakinsa, su mayar da amsa. Sai dai wasiƙar kaset ba ta da asiri, don duk na zaune ya ji.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke wannan ziyara. A Turai da Japan akwai masu kashe kuɗi mai yawa kan akwatin kiɗi da manyan lasifika. Su ma suna zuwa gidajen juna, kowa da faifansa, su zauna su gwada wace ce ta fi fitar da sauti kamar makaɗin na gabanka. Bambancin kaɗan ne: nasu ɗaki, namu tabarma.

Yanzu salula ta zo. Ɗan katin da bai kai farce ba yana ɗauke da waƙoƙin da suka fi buhun kaset. Hasken rana ke cika batir. Wannan ci gaba ne. Amma sau da yawa yaro na toshe kunnensa ya ji shi kaɗai. Rakoda kuma ta koma ƙarƙashin gado.

To, ga inda gizo ke saƙa. Cikin tsofaffin kaset ɗin nan akwai muryar iyaye da suka riga mu gidan gaskiya. Akwai kiɗin biki da na kokowa da babu su ko'ina sai nan. Zafi da ƙura suna cinye zaren kaset. In ya lalace, babu mai maido shi.

Saboda haka, ƴan'uwa, wanda ke da kaset ya fito da shi. A nemi gidan da rakoda ke aiki har yanzu, a je kamar da. A kunna, a ajiye salula kusa ta ɗauka. Ku da kuka iya rubutu, ku rubuta a takarda: muryar wa ce, a wane gari, wace shekara. Ku tambayi dattawa tun suna nan. Ku tafi da yara, su ji muryar kakansu tare da ku.