Mai Rubutun Shari'a a Fage da Sabon Gari: Yadda Aka Koyar da Shi

Fage da Sabon Gari maƙwabtan juna ne a bayan ganuwar Kano, amma asalinsu ba ɗaya ba ne. Fage tsohon zango ne inda ayarin Buzaye da fataken Arewa suke sauke kaya. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan da dogo ya iso Kano cikin 1911, aka yanka wa akawuna da leburori da 'yan kasuwar Kudu wurin zama. Mutumin Fage in rigima ta same shi gaban alkali za shi. Mutumin Sabon Gari kuwa yana ƙarƙashin Turawa ne har 1940, sa'ad da aka mayar da unguwar hannun En'e ta Kano, kuma yana da kotunsa ta gamin gambiza, inda wakilan ƙabilu suke zama su yi hukunci bisa al'adar masu ƙara.

An yi rubutu da yawa a kan alkalai, amma ba safai akan tuna da wanda yake zaune gefensu da alƙalami ba. Alhali kuwa in aka ɗaukaka ƙara, kotun sama ba ta ga fuskar mai shaida ba, ba ta ji muryarsa ba, abin da marubuci ya rubuta kaɗai take gani. In ya tsallake sunan magaji ɗaya, ko ya kuskure iyakar gida, to, haƙƙin mutum ya salwanta ke nan.

Kalmomin aikin su da kansu suna nuna hanyoyi biyu da ya biyo. Alkali da muhuti da hukunci daga Larabci suke. Kotu da sammaci da tafinta da masinja daga Turanci. Akawu kuwa, ga alama, daga bakin Yarabawa ta shigo, watau mutanen da suka fara riƙe wannan aiki a ofisoshin Turawa, waɗanda da yawansu Sabon Gari suke kwana.

Hanya ta fari ita ce ta zaure. Ɗan malami ya karanta Risala da Muhtasar wurin mahaifinsa ko malaminsa, sa'an nan ya zauna kusa da alkali yana rubuta masa, har wata rana shi ma a naɗa shi. Da Larabci ake rubutun, kamar yadda littattafan majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 suka nuna, ko da yake da Hausa aka yi maganar. Ashe tun daga farko marubucin mai fassara ne, ko ba a kira shi haka ba. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka mai da wannan koyo na makaranta: aka buɗe ta Shahuci a ƙarshen shekarun 1920, sa'an nan cikin 1934 aka kafa Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a Kano, aka ɗauko shaihunnai daga Sudan, cikinsu har da Shaihu Bashir al-Rayyah. Cikin 1947 aka sake mata suna ta zama Makarantar Koyon Larabci. Malam Abubakar Gumi, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ɗalibinta ne.

Hanya ta biyu ta Zariya ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe makarantar koyon aikin akawu, don En'e-En'e su sami 'yan Arewa masu iya buga tafireta da ajiye fayil da lissafin kuɗi. Ita ce ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo cikin 1954.

Aibin wannan tsari a fili yake. Kano ta ba da fiƙihu ba ta ba da ofis ba, Zariya ta ba da ofis ba ta ba da fiƙihu ba. Amma a Waje, inda Bahaushen Fage yake bin Ibo bashin kuɗin gyaɗa, ko Bayarabe Musulmi ya mutu ya bar gida a Sabon Gari, ana bukatar mutum ɗaya mai duka biyun, kuma ba makarantar da aka gina dominsa. Sai dai ya tsinci rabin da ya rasa a bakin aiki.

Gyara ya zo ne a gurguje. Cikin 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Daga shawararsu aka yi dokar Final Kot, wadda ta fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, jajibirin samun mulkin kai. Sabuwar hanyar shari'ar laifi ta tilasta a rubuta tuhuma da lambar sashen doka da bayanin shaidu bi da bi, don haka aka riƙa tura alkalai da ma'aikatan kotu Kongo kwas na 'yan watanni. A nan ne hanyoyin biyu suka fara haɗuwa cikin aji ɗaya, ko da yake 'yan watanni ba su isa su rufe ratar shekara ashirin da biyar ba.

Cikin 1968 aka ƙwace kotuna daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha. Daga ran nan marubucin kotun Fage da na Sabon Gari suka zama ma'aikatan ubangida ɗaya, ana kiran kowannensu rajistara.