Kafin Alƙalamin Mai Ƙirƙira

A ce wani maƙeri a Birnin Gwari ya ƙera injin ɓarar masara da ba ya fasa ƙwaya. Manoman gefen dajin Kamuku suna ta yabo, wani kuma ya duƙa yana auna haƙoran injin da ido. Wa doka za ta ba haƙƙin dabarar?

A 1474 hukumar birnin Banis na Italiya ta fara kare mai sabuwar dabara har shekara 10. Matsalar ita ce dabara ba ta nuna a dare ɗaya, gwajinta kuma sai a gaban mutane. A 1852, shekara guda da babban baje kolin Landan, Ingila ta samo mafita: mutum ya miƙa taƙaitaccen bayani, a tsare masa wuri wata 6, kafin ya kawo cikakke. Kafin alƙalami ke nan.

Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta faɗaɗa wannan tunani. A yau wanda ya shigar da takarda a ƙasa ɗaya yana da wata 12 ya kai ta sauran ƙasashen yarjejeniyar da kwanan watan farko. Amurka ta buɗe tata ƙofar wucin gadin a 1995: kuɗinta kaɗan, ba a tantance ta, kuma in shekara ta cika ba a biyo ta da cikakkiya ba, ta mutu. Cikakkiyar ce ke zana iyakar abin da mutum ke cewa nasa ne, kamar iyakar gona.

Mu a nan Najeriya, dokar Turawa ta 1925 ta ce sai ka sami takarda a Ingila kafin a yi maka rajista a gida. Maƙerin Birnin Gwari ina shi ina Landan? Dokar 1970 ce ta kwance wannan ƙulli. Tana ba da kariyar shekara 20 daga ranar shigarwa, kuma wanda ya riga miƙa takarda shi take fara dubawa. Wanda ya baje dabararsa a kasuwa tukuna yana iya rasa sabuntarta, sai dai in a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi ne, ya kuma shigar cikin wata 6.

Ofishin rajistar yana Abuja, hukumar NOTAP kuma tana taimaka wa masu ƙirƙira. Maƙeri ya fi kowa sanin cewa da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ya riƙe kwanan wata tukuna, sannan ya kira 'yan kallo.