Daga Huhun Goro zuwa Saƙon Waya: Wa Ke Tsaya wa Mai Kaya?

'Yan'uwa, kowace shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo mukan ware shafi guda don waiwaye. Bana ƙorafin da ya fi taruwa a teburin sakatare shi ya zaɓar mana inda za mu waiwaya. A da kukan 'yan ƙungiya bai wuce na kwastan da shingayen hanya tsakanin Aflao da Seme ba. Yanzu kuwa na masu saye ta waya ne. Wata 'yar'uwarmu ta Maamobi ta aika wa wata mata doguwar riga da aka ɗinko mata daga Kano. Bayan kwana tara aka dawo da rigar wai ba launin da aka gani a hoto ba ne, alhali tana ƙamshin turare, ga hoda a wuyanta. Wani yaronmu da ke sayar da waya a Circle an nuna masa saƙon shigar kuɗi na momo, ya miƙa kaya, sai da mutumin ya ɓace cikin jama'a ya duba asusunsa ya ga wayam. Wani kuma an dawo masa da wayarsa, amma batirin da ke ciki ba nasa ba ne.

Mai saye maras gaskiya ba baƙo ba ne a sana'armu. Baƙon abu shi ne a ce mai kaya ya fuskance shi shi kaɗai.

Mu koma zamanin fataucin Gwanja. Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da jemammun fatu yakan yi wata da watanni a hanya kafin ya sauka Salaga, inda ake haɗuwa da goron da ya fito daga dajin Tonawa. Goro kuwa kaya ne mai saurin jawo rigima. Ana ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari ke nan, a naɗe cikin ganye a ɗaure huhu, kuma babu mai iya kwance kowane huhu ya duba kowane goro. Mai kyau na iya kasancewa a sama, mai sankara a ƙasa. Haka kuma mai saye na iya sakaci da yayyafi da tsince ruɓaɓɓe a hanya, goro ya lalace a hannunsa, sa'an nan ya ce da ma haka aka sayar masa. Duka biyun sun faru, ba sau ɗaya ba.

Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne maigida. Baƙo ba ya shiga kasuwa da kansa ya yi ta neman mai saye. Gidan maigida yake sauka, a ba shi ɗaki da abinci, a ajiye masa kaya, a haɗa shi da dillalin gidan. Dillali ya san masu saye ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ke biya a kan lokaci da wanda sai an yi ta sintiri. A gabansa ake tayi, a gabansa ake cewa albarka, a gabansa mai kaya ke cewa na sallama. Daga wannan kalma ciniki ya faɗa, kuma akwai wanda ya ji. La'adar da ake ba shi ba ta haɗa mutum biyu kaɗai ba ce, har da ta zama shaida ranar da magana ta tashi.

Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, kuma yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da bakin teku, kuma duk inda suka je da wannan tsari suka tafi. A birnin Accra, wanda iyayenmu ke kira Ankara, Malam Idrisu Naino ya sami fili daga hannun mutanen Ga wajen 1881, aka kafa Zangon Malam. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango wajen 1910, sa'an nan a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai harkar shanu, ya sauka a filin iyalin Odoi Kwao, wurin da ya zama Nima. Alhasan Ɗantata ma, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Ankara, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon bin ayari. Hanya ta canja, jaki ya ba jirgi wuri, amma ba a daina tambayar baƙo gidan wa ya sauka ba.

A cinikin shanu ne wannan tsari ya fi nuna ƙarfinsa, domin can bashi ne zalla. Baturiya Polly Hill ta yi rubutu a kan masu gida da dillalan karar Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya fitar da littafi a 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, kuma abin da suka tarar shi ne abin da tsofaffinmu na karar Tulaku za su gaya maka a yau ba tare da sun buɗe littafi ba. Mai shanu ya zo daga arewa bai san kowa ba. Mahauci ya ɗauki sa, ba zai biya ba sai ya yanka ya sayar. Maigida ne ke lamuni: idan mahauci ya ƙi biya ko ya karye, maigida zai biya baƙonsa daga aljihunsa. Saboda haka dole ya san halin kowane mahauci, nawa ake binsa, a ina kuma. Wanda ya ci amanar gida ɗaya, labari kan kai sauran gidaje kafin kasuwa ta tashi, gobe kuma ba mai ba shi ko ɗan maraƙi. Ba ɗan sanda a ciki, ba lauya. Tsoron a rufe masa ƙofa ne ke sa shi ya biya.

Kada mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. An yi masu gidan da suka juya kuɗin baƙi suka karye da su. An yi dillalan da ke cin la'ada baki biyu, ko su ɓoye wa mai kaya ainihin farashin da aka sayar. Ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da uwa a gindin murhu yakan sha wuya kafin a saurare shi. Amma ko a nan, wanda aka cuta ya san gidan wanda ya cuce shi, ya san ƙofar Sarkin Zango.

Idan rigima ta fi ƙarfin dillali da maigida, malamai na nan da littattafansu, kuma abin mamaki ne yadda Risala da Muwaɗɗa, waɗanda ake karantawa a zaurukan Nima har gobe, suka taɓo ainihin matsalarmu. Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, har ma da sayar da ɗaurin kaya ba tare da an kwance ba, bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Idan kaya suka dace da abin da aka rubuta, ciniki ya lizimci mai saye, ba shi da ta cewa. Idan akwai aibin da ya riga ciniki kuma ba a faɗa masa ba, yana da zaɓi: ya riƙe haka nan, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan kuwa wani sabon aibi mai ɓata kaya ya auku a hannunsa, to in zai mayar sai ya biya abin da ya rage wa kayan daraja. Wanda yake son ya duba ya yi shawara, sai a sa sharaɗin 'yan kwanaki tun wajen ƙulla ciniki. Fasa ciniki don mutum ya yi nadama kawai, wannan alfarma ce da mai kaya ke yi in ya so. Mu auna rigar Maamobi da wannan ma'auni mu gani.

Tsarin masu gida ya sha duka. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, a Nuwamban 1969, ta ba marasa takardar zama mako biyu su fice, gidaje da yawa a zangogi suka watse, basussuka suka bi ruwa. A 1983 Najeriya ta yi nata korar. Duk da haka tsarin bai mutu ba. Albasar da ke sauka Adjen Kotoku daga Nijar, bayan an tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021, har yanzu da yawanta a kan yarda da sanayya take tafiya.

Waya ce ta yi abin da kora ba ta yi ba. MTN ta kawo momo Gana a 2009, shafuka irin su Tonaton da Jiji suka biyo baya, sa'an nan kowa ya mai da WhatsApp da Instagram da TikTok shagonsa. Mun yi murna, kuma da dalili. Matar da ke cikin gida a Nima tana sayar da turaren wuta ga wadda ke Takoradi ba tare da ta biya haya ko la'ada ba. Sai dai lokacin da muka ajiye dillali mun ajiye shaida tare da shi, ba mu lura ba. Shafin talla haɗa ku kawai yake yi, ba ya riƙe kuɗi, ba ya lamunin kowa. Manyan kasuwannin intanet da ke riƙe kuɗi kuwa hankalinsu ya fi karkata ga mai saye, don shi suke tsoron ya gudu. Kamfanin eBay na Amurka ya nuna haka ƙarara a 2008, lokacin da ya hana masu sayarwa rubuta mummunar shaida a kan masu saye, ya bar wa masu saye damar rubuta tasu. A kara, sunan mahauci ake tsaro. A waya, sunan mai kaya kaɗai ke rataye a fili, mai saye kuwa lamba ce da zai iya jefarwa gobe.

Dokar ƙasa ma ya kamata mu san inda ta tsaya, don da yawanmu na rubuta "ba a mayar da kaya" suna zaton sun tsira. Dokar sayar da kaya ta 1962 ta ce mai sayen da ya karɓi kaya, lokacin da ya dace ya wuce bai sanar da cewa ya ƙi su ba, ana ɗauka ya amince. Wannan namu ne. Amma dokar mu'amala ta lantarki ta 2008 ta ba wanda ya saya ta intanet kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba, kuɗin mayarwa kawai zai ɗauka, in ban da kaya irin su abinci mai lalacewa da abin da aka yi musamman bisa odarsa. Wannan dokar kuma ita ce ta yarda da saƙon waya a matsayin hujja. Wato hirar WhatsApp da ka goge don waya ta cika, dillalinka ka kora.

Wasunmu sun riga sun fara maido da tsohon tsari da sabbin kayan aiki. Akwai masu ɗaukar bidiyon kaya kafin a naɗe, da lambar waya ta ciki in waya ce, su tura wa mai saye ya amsa da bakinsa cewa haka ya gani. Akwai waɗanda ba sa sakin kaya sai sun duba asusu da kansu, ba saƙon da aka nuna musu ba. Akwai masu karɓar kafin alƙalami da ya kai kuɗin mota zuwa da dawowa. A cinikin da ya tsallaka iyaka, mun ga ɗan ƙungiya a Legas ko Lome yana karɓar kaya a madadin ɗan'uwansa na Ankara, mai saye ya zo ya duba a gabansa, ya biya, a ba shi ɗan abin goro. Ba wanda ya kira shi maigida, amma aikin ke nan.

Abin da ya rage, kuma shi ne ya raba kan shugabanni, shi ne shawarar a buɗe littafin sunaye da lambobin masu sayen da suka cuci 'yan ƙungiya. Masu goyon baya sun ce abin da masu gidan kara ke yi da baki ne za mu yi da rubutu. Masu ja da baya sun tuna mana cewa maigida ba ya rufe wa mahauci ƙofa sai ya ji ta bakinsa, ya kuma tambayi dillalin da aka yi abin a gabansa. Lambar da aka watsa a zauren WhatsApp cikin fushi ba ta dawowa, kuma cikin waɗanda suka mayar mana da kaya akwai masu gaskiya, don mu ma a cikinmu ba a rasa mai ɗaukar hoto da hasken da ke ɓoye aibi ba. Ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012, wadda za ta iya mai da mai ƙara wanda ake ƙara. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne kada a rubuta sunan kowa sai dattawa uku sun ga hujja, sun kira mutumin ya faɗi nasa, kuma littafin ya zauna a hannun sakatare, mai tambaya ya tambaya a amsa masa. Za a kawo maganar gaban babban taro, kuma muna roƙon duk wanda aka dawo masa da kaya a bana ya zo da hirarsa da rasit ɗinsa.