'Yan Kwana-kwana da Kasuwar Mont-Bouët: Daga Ina Horonsu Ya Samo Asali?

'Yan'uwa mazauna Libreville, duk wanda ke da rumfa a Mont-Bouët ya san gobara ba baƙuwarmu ba ce. Ta sha cinye jarin shekaru a dare guda. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san dalilin da ya sa masu zuwa kashe ta sojoji ne.

Asalin abin daga Faransa yake. A ranar 1 ga Yuli, 1810, wuta ta tashi a wajen liyafar da jakadan Ostiriya ya shirya a Paris domin murnar auren Napoleon da Marie-Louise, aka yi asarar rayuka. Da aka bincika, sai aka tarar masu kashe gobarar birnin ba su da tsari, horonsu kuma bai taka kara ya karya ba. Saboda haka a ranar 18 ga Satumba, 1811, Napoleon ya kafa doka ta mayar da su bataliyar soja, masu kwana a bariki, masu atisaye kullum. Wannan tafarki Gabon ta gada.

Najeriya kuwa hanyar Ingila ta bi. Aikin ya faro ne a hannun 'yan sandan Legas, sannan dokar 1963 ta kafa hukumar kashe gobara ta farar hula, jihohi kuma kowace da tata. Akwai makarantar horarwa a Sheda, kusa da Abuja. Duk da haka, a watan Maris na 2016 dubban shaguna suka ƙone a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Babbar kasuwar Yamai ma, a ƙasar da ta gaji Faransa, ta ƙone ƙurmus a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa.

A ganina, ko soja ko farar hula, horon bariki kaɗai ba ya kashe wutar kasuwa. Mutum ya iya hawan tsani da jan mesa, amma idan motarsa ta maƙale a bakin lungun da muka toshe da tebura da dilolin gwanjo (mu ma fa da namu laifin), ƙwarewarsa ta tsaya a titi. Idan hukuma za ta sake duba dokar horonsu, ya kamata shugabannin 'yan kasuwa su nemi a wajabta atisaye a cikin kasuwar kanta duk shekara, a san kowane lungu da wurin ɗiban ruwa da inda ake katse lantarki, masu gadin dare kuma a sa su cikin horon, tunda su ke fara ganin hayaƙi.