Daga Landirobar En'e Zuwa Range Rover 'Yar Kwatano

Wani ƙanena ne ya janyo wannan rubutu. An raba musu gado, sai ya zo mini da hoton wata tsohuwar Range Rover da aka yi masa tayi a Kano kan kuɗin da bai kai na Corolla mai lafiya ba, wai ita yake so ya riƙa shiga da ita Toranke. Na ce ya zauna mu bi tarihin motar tukuna, domin arharta tana da dalili.

Dattawan ƙasar Gaya ba su san wata jif ba kafin Land Rover, wadda bakinsu ya mayar Landiroba. Kamfanin Rover na Ingila ne ya fito da ita a 1948, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci a ƙasar, shi ya sa aka yi jikinta da alminiyam. Don manomi aka ƙera ta, babu wani daɗi a cikinta, kujera kamar benci, ƙara kamar injin niƙa. Amma ita ce motar mulki a wajenmu. Da ita jami'an En'e suke rangadi, da ita ake zuwa haraji da jangali, da ita malamin dabbobi da malamin gona suke ratsa yashin da ya gagari sauran motoci. Idan yara suka hango ƙurarta sai a ruga a faɗa wa mai unguwa, domin ba kasafai take zuwa da zance mai daɗi ba. An rushe En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, amma kwarjinin doguwar mota bai bar zukatan mutane ba. Ina ganin har yau wannan kwarjini ne muke saye, ba motar ba.

Abin da ya sa Landiroba ta daɗe shi ne duk abin da ke jikinta ido yana ganinsa, hannu yana kai masa. Makanike da sifana da guduma ya ishe ta, wani lokaci ma maƙeri. Ƙasar Gaya kuwa ba baƙuwar ƙira ba ce, tun da tarihin baka ya ce daga nan Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka gindin Dala.

A 1970 kamfanin ya fito da Range Rover, mai ƙofa biyu da injin V8 lita 3.5 wanda asalinsa na kamfanin Buick na Amurka ne. Sai a 1981 ta samu ƙofa huɗu. Kada mai karatu ya ce raini nake yi mata: ita ce ta zo ta ɗaya a ajin motoci a tseren Paris zuwa Dakar na farko a 1979, wanda ya bi ta Agadas, ta kuma maimaita a 1981. A shekarun arzikin man fetur gwamnati ta kafa masana'antun harhaɗa motoci, Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland kuma a Ibadan, inda aka riƙa haɗa Land Rover. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ta tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano.

A daidai wannan tsakani ne 'yan Japan suka ƙwace dajin. Toyota ta fito da Land Cruiser samfurin 70 a 1984, mai sauƙin gyara, har yau kuma ana ƙera ta. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Doum a kan Hilux da Land Cruiser, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Direbobin Agadas, waɗanda lalacewar mota a Tenere ke iya zame musu ajali, su ma can suka karkata, kuma ni hukuncinsu ya fi mini na kowane mai talla. Ita kuwa Range Rover sai ta nufi wajen masu hannu da shuni, kamfanin yana ta sauya iyayengiji: BMW a 1994, Ford a 2000, Tata na Indiya a 2008.

To, wadda aka yi wa ƙanena tayi ita ce samfuri na biyu, wanda aka ƙera daga 1994 zuwa 2001, kuma a nan gizo ke saƙar. Ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan roba huɗu take, waɗanda wani ɗan inji ke hura wa iska, kwamfuta kuma tana auna tsayinsu. Roba mai shekara ashirin da ɗoriya, a ranar Afrilu da ƙurar hunturu, tsagewa take yi. Na gani da idona shekarun baya, muna raka ango, mun wuce Wudil da Gaya lafiya, muna sauka daga kwalta motar wani abokinmu ta gurfana kamar raƙumi, cikinta ya kusa taɓa yashi. Makaniken da aka ɗauko ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Alhaji, wannan ba tawa ba ce, sai mai kwamfuta." A ƙarƙashin wata tsamiya ta kwana biyu, mu kuma muka ƙarasa a kan acaɓa da manyan riguna.

Injin ma yana da nasa hali. Lita 4.0 ne ko 4.6, na alminiyam, ba ya yafe zafi. Lagireto ya toshe ko fanka ta tsaya, allura ta hau sau ɗaya direba bai lura ba, to gasket ya tafi, wani lokaci har ruwa ya haɗu da baƙin mai, sai batun sauke inji. Ga na'urar hana sata da kan manta makullinta, ta ƙi tashi alhali komai lafiya. Jikin yana ruɗar mai saye, domin alminiyam ba ya tsatsa, amma ƙarfen ƙarƙashi ya sha gishirin da Turawa ke zuba wa titi lokacin ƙanƙara, don haka sai an kwanta an leƙa. Kayan gyara kuwa, na Toyota ko a Gaya a kan dace, nata sai an shiga Ƙofar Ruwa, galibi kuma cire-cire ne daga wata da ta riga ta mutu. Shan mai ba a magana, musamman tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Ban ce ba a riƙe ta ba. Waɗanda na ga sun ji daɗinta suna da wata motar ta yau da kullum, suna da makanike guda da ya san ta, da yawansu kuma sun cire jakunkunan iskar sun sa sifirin, wato sun mayar da ita rabin Landiroba. Sannan sun ware kuɗin gyara tun ranar saye, wanda a ganina bai kamata ya gaza kuɗin motar ba.

Ƙanena ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni nawa tsohuwar Land Cruiser take. Da muka tambaya a wajen dillalai, mai irin shekarunta ta fi ta tsada nesa ba kusa ba, kuɗinsa ba su kai ba. Har yanzu hoton Range Rover ɗin yana cikin wayarsa, kuma na ji ya ce wa dillalin ya ba shi mako guda.